Ƙofofi Shida, Inci Biyu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Yau kwana tara Baba da Yaya Dogo ba sa magana, kuma ranar Asabar Yaya Dogo zai bar shagon, ya samu aiki a wani gari.

Wani malamin makaranta ne ya ba su aikin ƙofofi shida. Baba ya je ya auno, Yaya Dogo ya yanka. Da aka kai, kowace ƙofa ta gaza da inci biyu, kyanwa ma sai ta bi ta ƙasa. A gaban mai gidan da magina Baba ya wanke Yaya Dogo tas, wai shekara goma sha biyar yana koya masa aiki amma har yau bai iya riƙe zarto ba. Mutum mai 'ya'ya uku fa!

Kin san Baba ba ya rubutu a takarda, a guntun katako yake rubuta awo da fensirin bayan kunnensa. To, ina sharar shago na tsinci guntun a ƙarƙashin benci. Rubutunsa ne, bakwai ɗin nan nasa mai ƙugiya. Abin da ya rubuta shi Yaya Dogo ya yanka, ko gashi bai rage ba.

Na kai wa Baba. Ya juya shi, ya nisanta shi da fuskarsa, ya matso da shi, sannan ya ce shayinsa ya huce. Shayi, Yaya! Na kai wa Mama ƙara, ta ce in rufa wa kaina asiri, ita shekara arba'in ba ta taɓa jin "na yi kuskure" daga bakinsa ba. Shi kuwa Yaya Dogo ya ce kalma ɗaya yake jira ya kwance kayansa.

Don Allah ki kira Baba, ke yana jin maganarki.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na san kin kira Baba, na kuma ji yadda ya mayar da hirar kan tsadar katako.

Yaya Dogo ya tafi. Sau biyu yana komawa ɗaki wai ya yi mantuwa, alhali jira yake. Baba na tsaye a bakin shago yana goge abin da ba ya buƙatar guga. Abin da ya iya faɗa kawai, a ɗaure akwatin da kyau. Wallahi ji na yi kamar in fasa ihu.

Jiya da hantsi Baba ya kira ni shago. Na same shi ya ja tef ɗin awo a kan katako, ya danne da babban yatsa. Bai kalle ni ba, ya ce in karanta masa lambar da ke wurin.

Yaya, Baba ba ya ganin lambobin tef. Ashe abin da ya kasa faɗa ke nan. In ya ce awon nasa ne, to ya ce idon ya tafi, kuma kafinta ba ido ai sai zaman gida.

Na karanta masa. Na ce zan faɗa wa Yaya Dogo. Ya ce in na kuskura ba shi ba ni.

Tausayinsa nake ji, haushinsa kuma bai sake ni ba. Yanzu ma ga shi can yana kirana, ya ja tef.

Ki gaida kowa.

Taki,
Auta