Na Tafi da Makauniya

Yaya,

Kafin ka dawo da mai mota na yi nisa, kuma da Makauniya na tafi. Na ji abin da ka ce wa Baba ɗazu, wai mota ta cika, a kwance wa tsohuwar tunkiya igiya a bar ta da Allah. Tunkiyar da ba ta gani, ina za ta nufa in ambaliya ta shigo? Ita kaɗai fa ta rage cikin abin da Inna ta kiwata da hannunta. Wallahi ba da ni ba.

Za mu taka a ƙasa har makarantar kan tudu, inda aka ce kowa ya taru. Ba sai na ja ta ba. Ina ƙwanƙwasa kwanon dusa yadda Inna take yi, tana bi na kamar jela.

Awaki sun sha ruwa, kaji suna kwando a zaure. Kada ka ɗora musu buhu a kai.

Faɗanka kuwa, ajiye min, zan sha a can. In kun iso ka ji ƙarar kwano, mu ne.

Ƙanwarka mai kunnen ƙashi