An Ce Sulallan Baba Ne Gadona

Malam, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Mahaifinmu ya rasu bara. Tun da ya yi ritaya ya koma sayen sulallan tunawa, irin waɗanda ake talla a intanet, masu hoton masallatai da manyan bukukuwa, kowanne cikin akwatinsa da takardar shaida. Ni ce ke taya shi goge su a falonsa a nan Nassarawa. Yakan ce watarana sai sun fi fili daraja.

Yanzu za a raba gado. Babban wanmu, Yaya Taufiq, ya ce tunda ni na fi shaƙuwa da su, in ɗauke su a matsayin rabona, su kuma su raba filayen Hotoro. Da farashin da ke cikin tallar ya yi wa sulallan ƙiyasi. Hajiyarmu har kuka ta yi don daɗi. Ni kuwa ina shakkar darajarsu. In na ƙi, kamar na ce an yaudari Baba ne, ga shi ba ya nan balle ya kare kansa. In na karɓa, 'ya'yana biyu kuma gidan haya nake. Ko barci ba na iyawa.

Wadda ta rasa mafita, Kano

Malama, Allah ya jiƙan Baba. Ba shi kaɗai ba ne. Na san masu digiri uku da suka faɗa wa irin wannan talla.

Akwai tsoffin kuɗi da ke daraja saboda ƙarancinsu. Amma abin da kamfani ya buga dubbai yana roƙon a saya, yawanci ruwan gwal ne kawai a kan ƙarfe, kuma takardar shaidar mai sayarwa ne ya rubuta wa kansa. Darajar kaya ita ce abin da mai saye zai biya yau.

Kada ki zargi Yaya Taufiq, wataƙila shi ma ya yarda da tallar. Ki nemi malamin da zai raba gadon ya sa masu gwal a kasuwa su gwada sulallan, kamar yadda dillalai za su yi wa filayen kuɗi. Wannan haƙƙinki ne, ba cin fuskar mamaci ba. Hajiya kuma ki ce mata abin da Baba ya so haka bai kamata ya tare a hannun mutum ɗaya ba, kowa ya samu nasa na tunawa.

In Yaya ya dage cewa sun fi fili, ki girmama shi, ki bar masa su duka, ke ki haƙura da filin.

Allah ya haɗa kanku.