Katakon Goshin Jirgi

Hayyin Ashir, Alƙahira

Zuwa ga matata Hassumi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya nauyin jiki? Yaya Inna da mutanen Yawuri? Ni lafiyata lau, zama ne kawai ya gagare ni.

Maigidana Tarig, mutumin Sudan ɗin nan, ya ce ranar da muka rufe cikin kwalekwalen nan, ranar zan kama hanyar gida. To, kwalekwalen ne ya ƙi. Ba irin namu ba ne da ake haɗa manyan alluna a buga ƙusa. Na mutum ɗaya ne, kayak suke ce masa, kuma da siraran katakai ake jera shi a kan haƙarƙari, ɗaya bisa ɗaya, da gam. Mai shi, wata likita Eman da ke tuƙi a kogin Nilu, ta rantse ba ta son ganin ramin ƙusa ko guda. Ita da kayanta, me zan ce?

A tsakiya katakan suna kwanciya salin-alin. Amma a goshin jirgin, inda dole su lanƙwasa su kuma murɗe, nan taurin kansu yake. Na sayo ƙarafan matsewa a kasuwar Ataba, ɗaya ya suɓuce ya fasa mini gira. Na yanka tsohon tif na keke na ɗaure katakan kamar kayan ɗan acaɓa, wannan ya ɗan yi. Jiya garaje ya sa ban bari tururin buta ya ratsa wani katako ya yi laushi ba, na danna, ya karye. Tarig ya dube ni ya ce ma'alish, wato ba komai, ni kuwa kamar in yi kuka.

Watanki ya kama, ni ina nan ina kokawa da itace. Hankalina ba ya jikina, Hassumi.

Naki,
Uzairu

Hayyin Ashir, Alƙahira

Hassumi,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana ita. Yaya jikin? Ki gaishe da Inna da ɗawainiya.

Na san kin kira ni da naƙuda ta taso, ban ɗauka ba. Ga abin da ya faru. Katako na ƙarshe ba shi da gefen da ƙarfe zai kama, robar ma zamewa take yi. Sai hannu. Tarig ya shafa gam, na danna da tafukana biyu, ya ce kada in motsa sai ya kama, ya tafi kai wa likita Eman saƙo. Fitarsa ke da wuya waya ta fara kaɗawa a aljihuna. Jikina ya ba ni ke ce. In na saki, katakon ya tashi, sai an kankare gam an fere sabo, tafiyata ta wuce suna. Wayar ta yi ta kaɗawa a cinyata, ina tsaye ina hawaye ina karanto miki duk addu'ar da ta zo bakina. Da na saki, saƙon yayanki Abakar na tarar, wai mace ce.

Ban sani ba ko daidai na yi. Kin neme ni ba ki same ni ba, wannan yana ci mini rai.

Katakon dai ya zauna, kuma kafin suna ina gida in Allah ya so. Tun ranar yatsuna ba su gama miƙewa ba, Tarig yana ta yi mini dariya. Na ce ya bar su haka a lanƙwashe, akwai wadda zan ɗauka.

Mijinki,
Uzairu