Ɗaga Kai Ki Gani

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara? Ni lafiya lau, aiki kuma ba laifi.

Jiya 'ya'yan tsohuwar da nake jinya suka kai mu dajin manyan bishiyoyi. Wai tun kafin kakannin kakanninmu suke tsaye. Suna ta hotuna, ni ina tura kekenta a hawa.

Ta ce, "'Yata, ɗaga kai ki gani mana!"

Na gwada, wuyana ya ƙi. Ɗaga ta safe da yamma ya sanƙarar da shi. Na ce, "Na gani, Mama, sun yi kyau."

Gindinsu kawai na gani, Yaya. Amma ki ce wa Inna an kai ni yawon buɗe ido.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarki