Da Annabi Salihu Ya Zo Ƙauyenmu, Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwa da ke tashi in an yi sanyi. Ƙanena Bashir ya girma, har ya fi ka tsawo. Muna nan Talata Mafara, ina koyar da darasin addini a makarantar 'yan mata, karatun da ka tsaya sai da na yi shi.

A makon nan muka zo kan ƙissar Annabi Salihu, Alaihis Salam, da taguwarsa: rana ɗaya ruwa na mutanen gari, rana ɗaya na dabba. Ina tsaye gaban allo sai na ajiye alli na zauna. Yaran suka zuba mini ido. Ba su san a gidan mai tsaron irin wannan rabo na tashi ba.

Ka tuna tafkin fadamarmu ta bayan Faru? In rani ya kama, yau masu lambu su ɗebi ruwa, gobe shanu su sha. Haka aka gada, kuma gidanmu ke riƙe da tsarin. Da sassafe kakan ɗaura kaba a reshen kanyar bakin tafki. Duk wanda ya hango ta ya san ranar shanu ce, ya ajiye gugansa. Nakan bi ka a baya, ina ɗauke da butarka. Kakan ce: "Hadiza, shanu ba su iya roƙo, shi ya sa muke roƙa masu."

Sai Alhaji Tanimu ya sayo injin ban-ruwa, wasu suka biyo shi. Suka ce ba su sayi inji don ya kwana yana hutawa ba. Suka toshe burtali, hanyar da shanu ke bi, da ƙaya, suka dasa albasa a kai. Ka je wurin maigari, bai yi komai a kai ba. Ka miƙe bayan sallar Juma'a ka ce: "Ku ji tsoron Allah, hanyar ga ba taku ba ce. In kun rufe ta, wata za ta buɗe wadda ba ku so." Aka yi dariya, aka ce Malam Garba ya fara ruɗewa.

Da ranar shanu ta zagayo, ka janye ƙayar da hannunka, ka nuna wa Jauro Buba, makiyayin da kuka yi ƙuruciya tare, inda zai bi kada ya taka albasar kowa. Tanimu ya ɗauke ka a waya kana nuni da sanda, kana Fulatanci. Ya watsa hoton, ya ce ga infoma yana nuna wa 'yan bindiga hanyar gari. Hoton ya kai Maradun, ya kai Bakura. Ni wata abokiyar aikina ce ta turo mini, ba ta san ubana ba ne, har da addu'ar Allah ya tona asirin irinku.

Ranar kasuwa 'yan sa-kai suka ɗauke ka a layin masu gero. Mutanen da ka raɗa wa 'ya'yansu suna suna tsaye suna kallo. Babu wanda ya ce a dakata a tambaye ka. Da la'asar aka tsince ka a bayan gari. Liman ya aiko cewa zazzaɓi yake yi. Sahu ɗaya bai cika a sallar jana'izarka ba.

Baba, na san an rufe ƙofar annabci, kuma Allah ya tsare ni da in haɗa ka da zaɓaɓɓunsa. Amma tun ranar nake auna mutanenmu da abin da nake koyarwa. Da a yau Annabi Nuhu ke sassaƙa jirgi a kan tudu, da samari sun kewaye shi da wayoyi, a ɗora wa hoton kiɗa, a yi ta kyakyata dariya, 'yan uwansa kuma su ɗaure shi su kai shi asibitin masu taɓin hankali. Da Annabi Musa ya tsaya gaban mai mulki, tambayar farko ita ce wace jam'iyya ta turo shi. Annabi Salihu kuwa, da ƙauyenmu ya zo ya ce a bar wa dabba ranarta, wallahi ba sai an yi cigiyar mai soke taguwa ba. Rige-rige za a yi. Shi kuma a kira shi infoma kafin a kira azahar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutanen nan su ne a sahun gaba wurin tafsirin azumi. In aka zo ƙissar Samudawa, mutanen Annabi Salihu, sai su kaɗa kai, su tsine musu. Da idona na taɓa ganin Tanimu yana share hawaye da hannun riga. Annabin da ya daɗe da wucewa ba ya hana su noma burtali, shi ya sa suke son sa.

Abin da ka faɗa ya faru. Jauro Buba ya kora shanunsa ya tafi, bai ko waiwayo ba. Waɗanda suka zo bayansa ba su san kowa ba, kuma ba ruwa suka zo nema ba. Ƙauye ya watse. Na yi kuka don mata da yara da tsofaffin da ba su ci ba su sha ba. Don masu dariyar Juma'ar nan kuwa, ko ɗigo.

Yanzu Tanimu yana nan Mafara, kwance a ɗakin aro, ciwo ya ci ƙarfinsa. 'Yarsa tana ajina, yarinya mai kaifin kai, kuma ina son ta, ba ta da laifin komai. Shi ne ya turo liman, wanda zazzaɓinsa ya warke, tare da Kawu Sani, ƙanen Inna, wai a yafe masa. Inna ta juya fuska bango, ta ce a tambaye ni.

Na gaishe su yadda ka koya mini, na kawo musu ruwa. Sannan na ce abu ɗaya nake so: ya ɗauki wayar nan tasa, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi maka, ya tura duk inda ya tura na farko. Suka dawo suka ce a rufa masa asiri, yana da 'ya'ya maza da za su nemi aure. To Bashir fa? Gidan da ya je neman aure bara, ba a bar shi ya cire takalmi ba, aka ce ba a ba ɗan infoma. Yafiya suke so a ɗaki, sunanka kuwa ya ci gaba da ruɓewa a kasuwa.

Kawu ya ce jikin Tanimu ya yi tsanani, lokaci ya ƙure. Na ce to ya hanzarta.

Na sani, Babana, da kai ne, kafin su zauna ka yafe, har ka raka su bakin hanya. Ka yi haƙuri da ɗiyarka. Na gaji komai naka, wannan ne ban gada ba. Ina kewarka ƙwarai, musamman da safe.

Ya Allah, ka gafarta wa Malam Garba, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya huta. Ka tsare yaran da nake koyarwa daga halin iyayensu. Wanda ya ɗauki hoton, da waɗanda suka tura, da waɗanda suka tsaya kallo, ka tara su gabansa ranar da babu mai ɓoye fuska, ka bi masa haƙƙinsa ɗaya bayan ɗaya. Tanimu kuma, kada ka ba shi sauƙin zuciya sai ya faɗi gaskiya a bainar jama'a. In ya ƙi, Allah ya isa. Amin.

Ɗiyarka da ba ta yafe ba,
Hadiza.