Kafin Sunan Ya Wuce

Litinin, 3 ga Maris
Tarin da mijina Staf ke yi ya lafa. 'Yata Mieke lafiya, sai tsiwa. Kare ya ƙi abinci. Ni ce dai hankalina ba a kwance ba.

Fim ɗin da ɗana Wannes ya ƙera wa fuskokin dodanni zai fito Juma'a ta sama. Tatsuniyar nan ce ta yaran da suka ɓata a daji suka faɗa hannun mayya, amma an juya ta: mayyar ce mai gaskiya, yaran ne abin tsoro. Ya ce sunansa zai fito a ƙarshe, cikin rubutun nan mai hawa sama. In ya wuce ban karanta ba fa? Ni da na tashi a jirgin ruwan dakon kaya, ban san baƙi ba sai bayan na haifi biyu.

Laraba, 5 ga Maris
Ina gwaji da ƙarshen shirye-shiryen talabijin. Kafin in haɗa harafi uku, suna ya kai rufi. Staf ya ce zai zungure ni in an zo wurin. Na ce wa mijin nawa ya riƙe hannunsa, da idona nake so in gani.

Asabar, 8 ga Maris
Wannes ya zo cin soyayyen dankali, farce duk jan fenti. Na sake yi masa zancen aikin da ake nema a tashar jiragen ruwa ta Gent. Ya ce, "Mama, bar ni da dodannina, sun fi shugaban aiki mutunci."

Ya nuna mana hoton fuskar mayyar, Mieke wai hancin nawa ne sak. Ja'irar yarinya.

Juma'a, 14 ga Maris
Rabin fim ɗin ta tsakanin yatsu na kalla. Hancin kam nawa ne, ba gardama.

Rubutu na fara hawa, mutane suka miƙe, wani dogo ya tare min gaba. Na ce, "Kai dogo, zauna, ɗana zai wuce." Ya zauna kuwa.

Wa. Wan. Wannes Claeys. Da ƙarfi na karanta, har da abin da ke gefensa: mai ƙera fuskoki. Staf yana can yana laluben tabarau, ni na zungure shi.

Lahadi, 16 ga Maris
Takardar tallan aikin nan na tashar jiragen ruwa, da ita na kwashe ɓawon dankali. Ba wani abu ba, ita ce a kusa.

Na tura wa ƙanwata Godelieve saƙo, da hannuna: ta ba ni amsa kafin Alhamis in za ta raka ni mu sake kallo. Ba sai ta zo da tabarau ba.