Ta'aziyyar Gwaggo da Ƙafar Ɗan Dako

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Likitocin Tiyatar Gaggawa da Kula da Manyan Raunuka ta samu labarin rasuwar uwarta kuma malamarta, Babbar Likitar Tiyata, Shugabar Kwamitin Ƙaro Horo, Farfesar da babu wanda ya taɓa kiranta Farfesa a gabanta ya kwashe lafiya, wadda manya da ƙanananmu muka sani da Gwaggo. Allah ya karɓi abarsa bayan gajeriyar rashin lafiya, ana tsaka da bitar da take jagoranta duk shekara. Ta tafi ta bar aji cike da ɗalibai, ta kuma bar wani ɗan dako kwance a sashen raunuka, ba a san ko ƙafarsa ta dama za ta tsira ko yanke ta za a yi ba.

Marigayiya ta yi rayuwarta ne a kan cewa likitan tiyata ba ya gama karatu, kuma a kan haka ta riƙa tattaro likitoci daga ƙananan asibitocin da mutum ɗaya ke yin aikin mutum biyar, har da masu furfura da masu jikoki, ta zaunar da su a ɗan ƙaramin ɗakin nan na kusa da ɗakin tiyata, mai fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Ranar farko kowa zare ake ba shi ya yi ta gwada ƙullin ɗinkin tiyata a hannun kujera, komai girman muƙaminsa. Idan wani babba ya ɓata rai, sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, furfurarka na gani, yanzu kuma nuna mini hannunka." Mun sha faɗanta har mun ƙoshi, kuma yau babu abin da muke kewa kamarsa.

Abin da ta fi nanatawa shi ne kada a ɗinke rauni mai datti a ranar da aka kawo shi. "Ku wanke, ku cire mataccen nama, ku bar shi a buɗe ku dawo ku duba," in ji ta, "ɗinkin ba zai gudu ba." Takan sa likita ya sunkuya ya shinshina bandeji kafin ya buɗe baki, ta sa ya ɗan yanki gefen nama ya ga ko zai yi jini, domin naman da ke da rai ne ke jini. A duk wannan, tana tsaye a bayan ɗalibi, hannuwanta a harɗe ta baya. Ko zufa na zubo maka, ko ka juyo kana roƙonta da ido, ba za ta karɓi wuƙar ba matuƙar mara lafiya ba ya cikin haɗari. Sai dai ta ce, "Ina nan. Ci gaba."

A farkon bitar bana aka kawo ɗan dakon da muka ambata, bayan tayar babbar mota ta taka masa ƙafa a wurin lodi, raunin ya cika da yashi da baƙin mai. Manyan likitoci da dama sun ba da shawarar a yanke, kuma shawararsu ba ta banza ba ce, domin ruɓa idan ta shiga jini rai take tafiya da shi. Bawan Allahn nan ya riƙe hannun rigar marigayiya ya ce, "Gwaggo, da ƙafar nan nake ciyar da yarana." Ta ce masa, "Ban yi maka alkawari ba, ɗana, amma ba za mu yi mata gaggawa ba." Ta danƙa shi a hannun ajin, aka yi ta shiga da shi ɗakin tiyata ana wanke raunin ana fitowa, har aka tsayar da ranar da za a buɗe a yanke hukunci na ƙarshe. Kafin ranar ta zo, Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya.

Shugabannin Ƙungiya sun zauna, kuma ra'ayi ya karkata ga dakatar da bitar don girmama ta, wasu ma na ganin tunda babu ita, gara a yanke ƙafar a tsira da ran. Da wakilanmu suka je gaisuwa suka faɗi haka, babbar 'yarta, wadda malamar makaranta ce kuma ta gado idon uwarta, ta ce, "Yayyena, in kuka rufe ajin nan saboda Mama, ba ku san ta ba ke nan. Mu mun isa mu karɓi baƙi, ku koma bakin aikinku." Maigidanta, dattijon da ya shafe shekaru yana cin abinci a huce yana jiran ta fito daga tiyata, kai kawai ya gyaɗa.

Jiya da safe ajin ya shiga ɗakin tiyata. Wata likita daga ƙaramin asibiti, wadda Gwaggo ta fi yi wa faɗa a bana, ita ta riƙe wuƙa, babu kowa tsaye a bayanta. Ta kwance bandeji ta sunkuya, babu wari. Ta yanki gefen nama, jini ya fito ja wur. Muna sanar da jama'a cewa ƙafar ta tsira, saura dashen fata da doguwar jinya, kuma ba ma jin kunyar faɗin cewa manyan likitoci sun yi kuka a cikin takunkuminsu.

A madadin Shugaba, Amintattu, Majalisar Zartarwa da ɗaukacin mambobi, Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Dattijo maigidanta, 'ya'yanta, jikokinta, ma'aikatan jinyar da suka yi aiki a ƙarƙashinta, da dubban marasa lafiyar da suka ratsa ta hannunta. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa aikinta ya bi ta, ya ba iyalanta da mu baki ɗaya haƙurin jure wannan babban rashi.

A ƙarshe, akwai saƙon da aka ɗora mana mu isar ga iyalai. Da ɗan dakon ya farfaɗo ya ga ƙafarsa tana nan, sai ya ce a kira masa Gwaggo ya yi mata godiya, domin ba a riga an sanar da shi ba. Da aka faɗa masa, ya juya fuskarsa ga bango. Ma'aikatan jinya suka ce za su tura shi a keken marasa lafiya ya je ya yi gaisuwa, ya ce a'a. Ya ce a ba iyalanta haƙuri, tasa gaisuwar za ta yi jinkiri, amma idan ya zo, da ƙafarsa zai shigo.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiya,
wanda Gwaggo ke kira Dogo